Sunan Mushe Issa

Tungar Ma'u, 14 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga ƙanena Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Raihana da yara. Yaya zazzaɓin Ummulkhairi, ya sauka? Mu nan lafiya lau, an gama girbi, yara sun dawo aji. Makon jiya na leƙa Dogon Dutsi na ga Inna, jikinta da sauƙi, sai zancenka da ba ya ƙarewa a bakinta.

Gaisuwar ke nan, na sauke ta don haka aka tarbiyyantar da mu. Yanzu gyara zama. Na bar waya na ɗauki takarda ne don na san halinka. A waya, kafin in kai ƙarshen magana ka ce in yi haƙuri, ka sa dariya, in manta abin da ya sa na kira. Takarda kuwa ba ka iya katse ta.

Jiya da hantsi ansifektanmu, mai duba makarantun yankinmu, ya kira ni. Ya ce ashe lakwal ɗina, makarantar da nake shugabanta, ta yi suna har Dosso, ya ce zai zo ranar Alhamis ta mako mai zuwa, kuma ajin Mushe Issa, wato Monsieur Issa dattijon malaminmu, yake son gani. Kafin azahar sai ga hotunan jawabinka sun faɗo a zauren WhatsApp na daraktocin lakwal. Ashe taro aka yi na manyan ilimi, ka tashi gaban mutum arba'in ka ba da labarinmu. Na karanta a tsaye.

Bari in tuna maka, tunda da alama karatu ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Farkon shekarar nan ka zo ka ce kana bincike a kan yadda ake riƙon malamai da yadda suke ƙaruwa da juna a lakwal ɗin ƙauye. Mako uku ka yi a gidana, ka ci tuwona, ka kwana a ɗakin ɗana Luƙman. Malamaina uku, Mushe Issa da Husna da Hakim, ba su so magana da kai ba, don sun saba duk mai zuwa da takarda da biro daga Yamai ba alheri yake kawowa ba. Ni na tara su na ce wannan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, duk abin da suka faɗa maka kamar sun faɗa mini ne. Mushe Issa ya fi kowa jan ƙafa. Da kaina na kai ka ƙofar gidansa.

Kuma ka san abin da muke rufewa. Shekara uku ke nan idonsa yana tafiya, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yana ganin mutum kamar inuwa, rubutu kuwa sam. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ba shi da wani buri sai ya ƙare aikinsa a cikin aji. Shi ya sa kullum da sassafe Husna take rubuta masa darasi a allo ta karanta masa sau ɗaya ya haddace. In lokacin duba rubutun yara ya yi, su yi musaya, ita ta shiga ajinsa, shi ya shiga nata ya yi musu karatun baki. Hakim da ni muna raba littattafan yaransa mu gyara. Shi kuma duk Laraba da yamma ya zaunar da mu a gindin bishiyar bedi ya koya mana aikin da ba mu samu a makarantar horon malamai ba. Husna ta zo nan ba ta iya riƙe aji na minti goma, yau ka gan ta da idonka. Yara sittin da takwas ne a ajinsa, kowanne ya san shi da murya, kuma babu ajin farko a duk yankin Kore Mairuwa da yake fitar da masu karatu kamar nasa.

Duk wannan ka ɗauka ka shimfiɗa a gaban manya. Na ga ka canza suna, wai lakwal "X", wai "Monsieur I." Sannu da dabara, Dokta. Sai kuma ka ce lakwal ce mai aji huɗu, biyu na rumfar zana, kilomita tara daga babbar kasuwa, mace ke shugabanta. Bai ishe ka ba, ka ƙara da cewa dattijon haifaffen ƙauyen nan ne da ya tsaya wa sojan Nasara a 1899. Ƙauye nawa ne suka yi haka a Arewar Dogon Dutsi? Malami nawa ne ɗan Lugu mai shekara talatin da uku a bakin aiki? Ka sa wannan ne don jawabinka ya yi armashi, na san ka tun kana ƙarami ba ka iya ba da labari ba gishiri.

Ga abin da nake so. Ka kira ansifekta kafin Alhamis ɗin, ka ce masa lakwal ɗin da ka yi magana a kanta a jihar Tawa take, ko ka ce lakwal uku ka haɗa ka mai da su ɗaya. Na san ƙarya nake sa ka, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Alkawarin da ka ɗauka a ƙofar gidan mutumin nan ya riga jawabinka.

Ban gaya wa Mushe Issa komai ba tukuna. Ina jiran amsarka ta hannun direban da ya kawo maka wannan. Ka gaida Raihana.

Yayarka,
Asma'u


Tungar Ma'u, 26 ga Nuwamba, 2023

Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na ji daɗi da Ummulkhairi ta warware. Mu ma jikinmu lafiya.

Amsarka ta zo, shafi uku. Na karanta ta sau biyu ina neman wurin da ka ce ka yi kuskure, ban samu ba. Ka ce ka bi duk ƙa'idar bincike, an sakaya suna, kowa ya sa hannu a takardar yarda. Mushe Issa ya sa hannu, gaskiya ne, ni na ɗora masa yatsa a kan layin. Ka ce ba za ka iya ƙaryata aikinka ba, don yana cikin takardun da ka miƙa na neman ƙarin girma a jami'a, kuma an riga an karɓe shi za a buga. Ka ce yabonmu ka yi, ba suka ba, har manya sun tafa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da zaginmu ka yi, da an ce ɗan boko ne ya zo ya yi surutunsa ya tafi.

To ga abin da yabonka ya haifar, tunda kai mai son bayani ne dalla-dalla.

Ranar Laraba na gaya wa Mushe Issa, a gindin bedin, gaban Husna da Hakim. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ranar ba. Hakim ya ce a ce ba shi da lafiya ya kwana biyu a gida. Husna ta ce za ta rubuta komai da manyan baƙaƙe. Shi dai yana ta murza hularsa a gwiwa, can ya ce bai taɓa gudun ansifekta ba tun yana saurayi, ba zai fara da furfura ba. Bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, ni kuwa da ya zage ka da na fi samun sauƙi.

Alhamis ansifekta ya zo a kan moto, wato babur, ya zauna a bayan aji, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Mushe Issa ya yi darasin karatu. Wallahi Abdulmajid, ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Yana nuna allo da sanda daidai inda kowane baƙi yake, don ya auna wurin da taku tun da safe. Yara na karantawa tare, ya tsai da su ya kira sunan wata can layin baya ya ce ita ce ta haɗiye harafi, kuma ita ce. Na ga ansifekta ya ajiye bironsa yana kallo kawai. Har na fara cewa a raina mun tsira.

Da aka gama sai ya taso, ya ɗauki littafin wani yaro daga kan tebur, ya miƙa wa Mushe Issa ya ce ya duba masa aikin jiya. Mushe Issa ya karɓa ya riƙe da hannu biyu. Yaran nan sun sani, sun daɗe da sani, ba wanda ya taɓa kai zancen waje. Sai ya mayar masa da littafin ya ce:

"Ranka shi daɗe, ba ni ganin shi. Kai ma ka san ba ni ganin shi."

A ofishina ansifekta ya rufe ƙofa ya gaya mini abin da nake so ka karanta da kyau, ka sa shi cikin bincikenka in kana da inda za ka sa. Ya ce shekara biyu ke nan da ya sani. Ya ce tun zuwansa na farko ya lura rubutun allo da na gyaran littattafai ba hannu ɗaya ba ne, ya ga sakamakon yara, ya kau da kai. Shi ya sa duk zuwansa ajin Hakim yake shiga. Mai ba malamai shawara ya sani, maigari ya sani, iyayen yara sun sani. Amma ranar taron Dosso, shugabansa na zaune kusa da shi, ya juyo ya tambaye shi ko a yankinsa ne ake barin makaho da ajin farko. Ya ce daga wannan lokacin ba shi da sauran ikon rashin sani, dole ya rubuta rahoto.

Ka gane yanzu? Mako uku ka yi kana tambayarmu yadda ake riƙon malamai, kana cika littafi, amma babban abin ya wuce ka. Aikin nan yana tafiya ne don kowa ya sani kuma ba wanda ya rubuta. Kai ka zo ka rubuta. Shekara goma sha ɗaya kana karatun wannan fanni, matar da take sayar da ƙosai a ƙofar lakwal ta fi ka fahimtarsa.

Za a tura shi gaban likitocin gwamnati a watan gobe. Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba.

Asma'u


Tungar Ma'u, 21 ga Janairu, 2024

Abdulmajid,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso cewa ƙarin girman ya fito. Allah ya sanya alheri. Na faɗa da gaske, don na san daren da ka raya da shekarun da ka ci a kansa, kuma ni na sayar da ɗan tunkiyata na farko aka yi maka kayan shiga kwaleji. Amma walimar da ka gayyace ni ba zan zo ba.

An fitar da Mushe Issa daga aji tun farkon watan nan. Ba a kore shi ba, an ce an tausaya masa, an mai da shi ofishin ansifekta ya ƙarasa shekarunsa. Na je na gan shi. An ba shi kujera a baranda kusa da randar ruwa. Aikinsa in baƙo ya zo ya ce masa ansifekta yana ciki ko ya fita. Mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatan ofishin nan karatu.

Ba a turo mana kowa a madadinsa ba, an ce sai baɗi. Na haɗa ajinsa da na Husna, yara ɗari da ashirin da ɗaya a rumfar zana ɗaya. Jiya na same ta tana kuka a bayan aji, ta ce ta rubuta takardar neman canjin wuri. Ni kuma an aiko mini takardar neman bayani, in faɗi dalilin da ya sa na ɓoye wa hukuma halin ma'aikaci. Na amsa da layi biyu, na ce na ɓoye, kuma da za a sake da na sake. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, yanzu in na shigo malamaina suna hira sai su yi shiru. Hakim yana gaishe ni da Madam Diraktiris, shi da yake ce mini Yaya kamar kai.

Ga kuma abin dariya, in kana da sauran dariya. Makon nan takarda ta zo daga sama zuwa ga duk lakwal ɗin yankin, wai daga yanzu kowace Laraba da yamma malamai su zauna tsohon hannu ya horar da sababbi, kamar yadda bincike ya nuna ana yi a wata lakwal "X". Har da fom da za a cika a sa hannu a mayar duk wata. Na karanta wa Husna da Hakim ita a gindin bedin. Mun zauna mu uku muna kallon juna, muka cika fom ɗin, muka tashi.

Inna ta aiko a kira ni, ta ce ta ji muna gaba, ta ce ni ce babba in yi haƙuri, yaro ne bai yi da nufi ba. Yaro mai shekara arba'in da ɗaya! Na ce mata na ji. Ban gaya mata dukan abin da ya faru ba, don tana ta nuna wa maƙwabta hotonka da rigar jami'a, ban ga amfanin ɓata mata ba. Na san ba ka yi da nufi ba. Ai shi ne abin haushin, ko tsayawa ba ka yi ka yi tunanin mutumin ba, balle ka nufe shi da wani abu.

Ka gaida Raihana da yara.

Yayarka,
Asma'u


Tungar Ma'u, 10 ga Maris, 2024

Zuwa ga ƙanena Abdulmajid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, da Raihana da yara gaba ɗaya. Ga azumi ya ƙarato, Allah ya nuna mana da rai da lafiya. Inna ta ce in gaya maka ta samu saƙon dabino.

Ƙunshinka ya zo, mujallar da aka buga aikinka a ciki, kwafi biyu, ɗaya nawa ɗaya na Mushe Issa. Na buɗe nasa na ga ka cika shafin farko da rubutun hannunka, ƙanana ƙanana kamar tururuwa, kana gode masa kana neman afuwa. Abdulmajid, wa zai karanta? Shafi ashirin ka rubuta a kan mutumin da ba ya ganin rubutu, sannan ka nemi gafararsa a rubuce. Na ɗauki mujallar na nufi murhu da ita, sai baban Luƙman ya riƙe hannuna ya ce ba tawa ba ce, in kai wa mai ita.

Ranar Juma'a bayan an tashi na hau moto na je. Na same shi a barandar, ofis ya watse, yana jiran ɗansa ya zo ya ɗauke shi. Ya rame. Tun daga takuna ya gane ni. Abin da ya fara tambaya shi ne yaransa, ɗaya bayan ɗaya da suna, wa ya fara haɗa baƙi, wa har yanzu yake juya harafi. Na yi masa ƙarya a kan wasu, ya kuma gane.

Na gaya masa abin da na kawo, na ce in ya so in mayar maka da abinka. Ya ce a'a, in karanta masa. Na karanta neman afuwarka, ya ce ya ji, in wuce ciki. Na ce Faransancinka mai nauyi ne, ya ce shi ya koya wa ansifekta Faransanci, in karanta kawai. Haka na zauna a kan benci na karanta masa duka, tun daga farko har jerin littattafan ƙarshe. Sau biyu ya tsai da ni. Na farko ya ce ka yi kuskure, ba shi ya ƙirƙiro zaman Laraba ba, wani tsohon darakta ne ya yi masa haka a garin Kiéché lokacin da ya fara aiki, ya kamata a faɗa. Na biyu, wurin da ka kwatanta yadda yake gane yaro da murya, ka ce ba ka taɓa ganin malami irinsa ba a duk lakwal talatin da ka zaga. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in sake.

Na ɗaga kai na ga hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa haushi ya sake turnuƙe ni, na ce masa kada ya yarda daɗin baki ya sa ya manta wanda ya raba shi da ajinsa. Ya ce bai manta ba, kuma ba zai ce maka ya ji daɗi ba, kullum da safe in ya ji ƙararrawar lakwal ɗin da ke bayan ofis sai ya miƙe tsaye kafin ya tuna. Sannan ya ce:

"Madam, shekara talatin da ukku ina aikin ga, ba a taɓa rubuta ko layi guda ba cewa na iya shi. Wanda yar rubuta, shi yaf fisshe ni aji. To mi za ni ce mishi?"

Na rufe mujallar na miƙa masa. Muka zauna har ɗansa ya iso. Da zai hau moto ya juyo ya ba ni saƙo gare ka, ya sa na maimaita masa don kada in rage ko in ƙara. Ya ce ɓoyon da ka yi masa bai tsare shi daga komai ba, waɗanda za su cutar da shi sun gane shi, waɗanda ba su san shi ba kuwa ba za su taɓa sani ba. Ya ce jikokinsa za su yi karatu, wata rana za su iya cin karo da takardar nan su wuce ba su san kakansu ba ne. Don haka in za a sake bugawa, ko za ka sake tashi gaban mutane, ka cire harafin nan guda, ka faɗi ko shi wane ne.

Ni ban huce ba, kada ka ɗauka wannan takarda sulhu ce. Husna za ta tafi ƙarshen shekara, yara sittin da takwas sun rasa shekararsu ta farko, kuma ba mujallar da za ta mayar musu da ita. In ka zo sallah ka sauka wurin Inna, daga nan ka wuce gidansa da ƙafarka, ka faɗa masa da bakinka abin da ka rubuta da biro. Bayan haka sai mu ga ko zan buɗe maka ƙofata.

Saƙonsa kuwa na isar. Sunansa Issa Usaini, mutumin Lugu, malamin ajin farko a lakwal ta Tungar Ma'u. Ka rubuta shi cikakke.

Yayarka,
Asma'u